Yashin Maraɗi da Kofaton Gunya

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A coci a tambaye ni, a wurin mai shayi na bakin kasuwar Samaru a tambaye ni, har a ajinmu na karatun manya, inda Malam Audu mai gyaran keke ya hana mu karatu rannan wai sai na faɗi gaskiyar maganar buhun yashi. Wani ma cewa ya yi ya ji zinariya na ɗauko aka ƙwace a iyaka. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta a hankali, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Sunana Ishaya, a Samaru ta Zariya nake zaune. Aikina kula da wata goɗiya mai suna Gunya a gidan Oga Emeka da ke Hanwa. Oga mai sayar da katako ne a Sabon Gari, a nan aka haife shi, Hausarsa ba ta da bambanci da tawa. Ya sayi Gunya ne tun 'yarsa tana ƙarama. Yanzu 'yar ta yi aure, sai dai a ɗora yaran coci da na maƙwabta a kanta lokacin Kirsimeti da Sallah, a zagaya da su.

Da Oga ya gina sabon gida, sai ya ce goɗiyarsa ba za ta kwana a ƙasa kamar ta ƙauye ba. Ya sa aka yi wa bargarta siminti sumul kamar falo, muna zuba garin katako a kai, tunda kyauta yake samunsa. Dukanmu mun yi alfahari da wurin. Baƙi ma akan kai su su gani.

Bayan damina ta biyu Gunya ta fara ɗingishi. Ƙarƙashin kofatonta ya yi baƙi, yana wari. Muka kira Dakta Rifkatu, likitar dabbobi da ke nan Samaru. Ta ɗaga ƙafar ta kankare ta sa magani, sannan ta dube ni ta ce, "Baba Ishaya, yaushe rabonka da ka ga ta kwanta?"

Na yi tunani. Tun da aka yi simintin ban gani ba.

Ta ce wa Oga, "Magani zai yi aiki, amma ƙasan nan zai dawo da ciwon. Fitsari ba ya da inda zai bi a siminti, garin katako kuma ya shanye ya riƙe. Cikin jiƙa take tsaye dare da rana. Akwai masu shimfiɗa roba, akwai masu yashi, akwai masu daɓe, kowanne da matsalarsa. Ku je ku ga waɗanda suka daɗe suna yi kafin ku zaɓa."

Ƙanen Oga, Chidi, yana wurin. Ya ce, "Broda, wace irin wahala ce wannan a kan tsohuwar dabba? Masu tirela suna zuwa kasuwa kullum." Duk mun san inda masu tirela suke kai dawaki, ba hawa ake yi da su a can ba. Oga ya ce idan Kirsimeti ta zo Gunya ba ta taka ƙafa sosai ba, zai bar wa Chidi ya yi yadda ya ga dama. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Akwai wani Alhaji Isufu na Maraɗi da yake sayen katako wurin Oga shekara da shekaru, yana kuma kiwon dawakin sukuwa. Oga ya kira shi a waya. Alhaji ya ce wannan ba maganar waya ba ce, a turo mai ido. Mai idon nan kuwa ni ne, ni da ban taɓa wuce Funtuwa ba.

Matata ta goge mini farin kaftanina na zuwa coci, ta ce kada in shiga ƙasar mutane kamar wanda ya fito daga barga. Na shiga mota da sassafe, aka ba ni kujerar baya. A gefena wata Hajiya ce mai fara'a, za ta kai wa 'yarta kayan miya a Katsina. Tun kafin mu kai Giwa ta san sunan matata da yawan 'ya'yana da ciwon Gunya. Ta ce kakanta ma ya yi doki, da toka yake wanke masa ƙafa. Ta ba ni dabino, na ba ta dafaffen ƙwai.

Bayan Malumfashi muka faɗa wani rami, motar ta yi tsalle. Na ji wani abu mai ɗumi yana bin bayana, na ɗauka gumi ne. Da muka sauka a Katsina, direba ya dube ni ya yi salati. Ashe jarkar manjan Hajiya ce da ke bayan kujera ta buɗe, bayan kaftanina ya koma ja daga wuya har ƙasa. Hajiya ta riƙe baki tana ba ni haƙuri tana dariya, duka a lokaci ɗaya. Ta ce, "Malam Ishaya, ko ba komai ka tafi da albarkar miya." Na ce Allah ya sa. Me zan ce?

A Katsina na kwana wurin ɗan'uwan matata, Bitrus tela. Ɗakinsa ɗaya ne da iyali, don haka ya shimfiɗa mini tabarma a shago tsakanin kekunan ɗinki. Ya gwada sabulu, ya gwada kananzir, manja ya ce yana nan. Sai ya yafa mini wani ƙyalle a kafaɗa ya rufe bayan, ya ce in yi tafiya da ƙasaita, za a ɗauka ado ne. Ya kuma gargaɗe ni da kada in bi hanyar Jibiya sai rana ta ɗaga sosai motoci sun yi yawa. Na bi shawararsa, muka isa lafiya.

Na daɗe ina tunanin iyaka wata babbar katanga ce da ƙofa. Sai na tarar da sanda a gicciye da 'yan ofisoshi, ga awaki suna ƙetarewa abinsu ba mai tambayarsu takarda. Ni aka tambaye ni. Na nuna katina, ma'aikacin ya ce me zan je yi. Na ce zan je kallon ƙasan barga. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Ya dube ni, ya dubi ƙyallen kafaɗata, ya ce in wuce Allah ya ba da sa'a.

Daga garin Ɗan Isa da ke bayan iyaka zuwa Maraɗi Hausa ce dai ake yi, fuskoki irin namu, gero irin namu, amma ga abubuwa daban. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, mutum ya saƙala shi a hammata ya hau babur. Na ga mata manya da lulluɓinsu suna tuƙa babur da kansu, ba mai waiwayensu. Na ce a raina da matar Malam Audu ce ta yi haka a Samaru, da an yi mako ana maganar. Da rana ta take kuwa gari yakan yi tsit, kowa ya nemi inuwa. Mu a Sabon Gari lokacin ne ma ciniki yake zafi.

Alhaji Isufu dogo ne, siriri, mai yawan dariya. Da ya ga bayana, sai ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa, "Hajiya, baƙonmu ya yi faɗa da miya, miya ta kada shi." Aka karɓi kaftanin, aka ba ni wata rigarsa da take jan ƙasa a jikina. A cikinta na yi duk zamana. Aka sauke ni a ɗakin zaure, aka kawo fura mai sanyi, da kwaɗon zogale da ƙuli wanda suke ci kamar babban abinci, da dambu. Shayinsu kuwa a ɗan ƙaramin kofi ne, mai ɗaci kamar magani. Na shanye na farko da ƙyar na yi godiya na tashi, Alhaji ya ce in zauna, saura na biyu da na uku. Na ukun ne ya yi daɗi.

Ni na ƙagu in ga dawaki, shi kuwa bai ƙagu ba. Sai da safe ya kai ni bayan gida. Ina tsammanin zan ga gini, sai na ga rumfuna na kara, babu bango sai shinge. Dawakai suna tsaye a kan yashi fari mai kauri, biyu daga cikinsu suna kwance abinsu, sun miƙe ƙafafu kamar masu gida. Na durƙusa na ɗaga kofaton ɗaya. A bushe yake, da ƙarfi, babu wari ko kaɗan. Na ɗebi yashin na murza, yana da ƙwaya, ba ya manne wa hannu.

Na ce, "Alhaji, ashe sirrin a yashin nan yake."

Ya ce, "Yashi dai yashi ne, Malam Ishaya. Taho ka gani."

Ya kai ni kusurwar wata rumfa, ya sa ƙafa ya ture yashin. A ƙarƙashi tsakuwa ce. Ya ce rami ne a nan, an cika shi da fasassun duwatsu, sannan gawayi, sannan tsakuwa. A nan dokin yake fitsari, ya tsiyaye ƙasa. Can inda yake kwanciya kuma an ɗaga wurin da jar ƙasa an daɓe, sannan aka zuba yashi.

Na ce, "To yaya kuke koya masa ya yi fitsari a kan ramin?"

Alhaji ya yi dariya har ya dafa shinge. Ya ce, "Wa ya gaya maka mu muke koya mishi? Shi yake koya muna. In na sayi doki ba ni kafa mishi turke. Sakin shi nike cikin shinge, in sa kujera in zamna ina kallo. Kowane doki shina da wurin da yake so ya yi fitsari, da wurin da yake so ya kwanta, kuma ba shi haɗa su. In na gane, sannan in kira masu haƙa. Ku kun gina ɗaki irin wanda ku kuke so, kun sa goɗiya ciki. Kun tambaye ta?"

Na ce ba mu tambaye ta ba.

Ya nuna mini sauran. Ba a zuba wa doki abinci a kan yashi, don zai haɗiya da shi cikinsa ya murɗe, sai a cikin rabin duro da aka ɗaga. Kowace safiya a kwashe kashi da rariya, a ɗebe yashin da ya jiƙe a baza a rana, a ja manjagara. Ya kuma ce kada in kwafi nasa ido rufe, ruwan Zariya ya fi na Maraɗi nesa ba kusa ba, dole mu ɗaga ƙasan sosai, rufin kuma ya zarce bango.

Ran Lahadi na ɗauka ibadata a ɗaki zan yi. Sai ga Alhaji da makullin mota yana cewa in shirya kada in makara. Shi da kansa ya kai ni ƙofar wata coci, ya ce zai dawo in an tashi. Waƙoƙin wasu irin namu ne, wasu da Faransanci, na bi da tafi. Haka na tsaya a gaban Ubangiji cikin rigar Alhaji, ina tattare ta kada in taka.

Ranar komawa na roƙe shi buhu ɗaya na yashin. Ya ce, "Babu gulbi a Zariya?" Na ce akwai, amma ina so Oga ya taɓa da hannunsa. Gaskiyar magana, zuciyata ba ta yarda cewa yashi yashi ne ba. Ya sa aka cika mini, Hajiya ta haɗa ni da kilishi da kaftanina. Jan ya koma ruwan ɗorawa, amma bai tafi ba.

A iyaka aka sauke kaya. Ma'aikaci ya ɗaga buhun ya ji nauyi ya ce na wane ne. Na ce nawa ne. Mene ne a ciki? Na ce yashi. Ya ce yashi da me? Na ce yashi kawai. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne ba zan yarda ba. Ya zura ƙarfe ya juya, bai ji komai ba. Ya sa aka shimfiɗa leda aka zazzage. Fasinjoji suka kewaye mu, direba yana ta duba agogo. Can sai hannun ma'aikacin ya taɓa wani abu dunƙulalle, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Busasshen kashin doki ne da ya tsere wa rariyar Alhaji.

Wurin ya ɓarke da dariya, har shi ma. Babbansu ya fito ya ji labari, ashe mahaifinsa yana da doki a ƙauye. Ya zaunar da ni a benci na yi masa bayanin ramin fitsari tun daga farko, yana gyaɗa kai. Kafin mu gama awaki sun bi ta kan ledar, iska ta ɗauki nata. Rabin buhu na mayar. A hanyar Funtuwa kuma ramin da ƙarfen ya huda ya yi ta tsiyaya a cikin but ɗin mota. Abin da na iso da shi Hanwa bai fi cikin kwano ba.

Muka taru a ƙofar barga. Dakta Rifkatu ta murza yashin ta ce mai kyau ne, kuma irinsa ne masu tifa suke ɗebowa daga kogin Galma na nan Zariya, a dai tankaɗe a wanke. Chidi ya ce, "Wato har Nijar ka je ka ɗauko abin da ke bayan gidanku?" Na ce e, na kuma ɗauko wani abin da ba ya shiga buhu.

Oga ya ce shi fa ya ga shimfiɗar roba mai kauri a shagunan unguwar PZ, har ya sayi ɗaya. Madam, matarsa, ta ce ɓuntun shinkafa ya fi laushi, ga shi masu inji neman mai kwashewa suke yi. Gardama ta fara tashi. Na jira suka gama, sannan na ce Alhaji ya ce a tambayi mai ɗakin. Dakta ta ce ita ta yarda da wannan, in dai za a fasa simintin tukuna.

Ranar da aka sa diga a simintin nan Oga bai tsaya ba, ya ce yana da aiki a shago. Muka ɗaure Gunya a gindin mangwaro, aka cika bargar da jar ƙasa ta ɗaga. Na shimfiɗa robar Oga a gefe ɗaya, ɓuntun Madam a ɗaya, yashin Galma a ɗaya, na bar sauran fili haka nan. Na kwance ta na sake ta a ciki, na ɗauko kujera.

Ta shinshina robar ta yi firji ta kauce. Ta je ga ɓuntu ta fara ci, Dakta ta ce a kwashe shi maza, ya koma wurin kajin Madam. Ta zagaya ta zagaya da ɗingishinta. Sannan ta taho bakin ƙofa ta hannun hagu, daidai inda Chidi ya jingina yana danna waya, ta gyara tsayuwa ta saki fitsari. Da ƙyar ya tsira da takalminsa. Madam ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Chidi, ta san wanda yake son sayar da ita."

Na ci gaba da kallo na 'yan kwanaki don in tabbata. Kullum nan take yi, kullum kuma can kan yashi take tsayawa tana tona da ƙafa. A nan bakin ƙofa muka haƙa rami. Matan zumunta na cocinmu suka zo da madaɓai da ruwan makuba, suka daɓe wurin kwanciya suna waƙa, suna yi mini tsiya wai ko ɗakin matata ban yi wa wannan gata ba. Robar Oga kuwa ta samu aiki a ƙarƙashin duron abinci, don abin da ya zube kada ya haɗu da yashi. Oga ya ji daɗin wannan ƙwarai.

Dakta ta ci gaba da zuwa tana sa magani. Warin ya tafi, baƙin ya fara bushewa. Wata safiya na ga yashi manne a gefen cikin Gunya har wuya. Na gane abin da ya faru, na yi godiya ga Allah, na share ta.

Ana saura kaɗan Kirsimeti, Chidi ya zo da wani dillalin masu tirela da hantsi, Oga yana biye da su fuska ba walwala. Suka leƙa barga. Gunya tana kwance shame-shame a kan yashi, wuya a miƙe, ido a lumshe. Su rabonsu da ganinta a ƙasa tun kafin a yi siminti.

Chidi ya ce, "Broda, ka gani? Ta ma faɗi." Dillali ya girgiza kai ya ce in haka ne sai dai a yi sauri, tayinsa ma ya ragu. Oga ya dube ni ya ce, "Baba Ishaya, me ya same ta?"

Na ce, "Barci take yi, Oga. A ɗan jira."

Chidi ya ce a buga mata sanda a gani. Na ce ba a tashin mai gida a ɗakinsa. Muka tsaya. Dillali ya duba agogo, Chidi ya yi tsaki, ni dai na riƙe ƙofa. Can sai ta buɗe ido. Ta juya ta yi birgima, ƙafafu huɗu a sama, ta koma ɗaya gefen ta sake. Sannan ta miƙe tsaf, ta girgije yashi ya watsu har kan rigar dillali. Na buɗe mata ƙofa, ta fita tsakar gida da sassarfa, ta zagaya mangwaro ta dawo, ƙafar nan tana dukan ƙasa daidai da sauran.

Ta zo ta tsaya a gaban Oga tana shinshinar aljihunsa. Ya shafa goshinta, ya ce wa dillali a gai da gida.

Ran Kirsimeti yara suka yi layi har bakin titi, ni ina riƙe da linzami cikin kaftanina mai ruwan ɗorawa a baya. Madam ta fito da tire cike da soyayyar gyaɗa tana rabawa, ta cika mini hannu. Na ce gyaɗar nan ta soyu da kyau. Ta ce dole ta soyu, ai da yashin Maraɗi ta soya ta.

To Malam Audu, ka ji inda zinariyar ta tafi. Kai ma ai ka ci gyaɗar ranar.